Idon Raga da Makomar Kifin da Muke Ci a Ƙasar Lautai

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san jigawa ce. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, rairayi ne da gonakin gero da riɗi da zoɓo, babu wani kogi da ke shekara da ruwa. Duk da haka kifi bai taɓa yankewa a tukwanenmu ba. Banda da busasshen kifi suna zuwa mana a kwalaye daga Haɗeja ta hanyar Malam Madori, wasu kuma su wuce kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda 'yan'uwanmu na Nijar ke saye su tsallaka da su. Fadamar Haɗeja da Nguru ita ce rumbun kifinmu, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Saboda haka abin da masunci ya zuba cikin ruwan can a watannin bazara ya shafi uwargidan da ke cefane a Gumel, kamar yadda ya shafi iyalin masuncin kansa.

Kukan da aka saba ji a bakin masu saye da masu sayarwa iri ɗaya ne: kifi ya yi tsada, kuma ya ƙanƙance. Akan ɗora laifin a kan kuɗin mota da faɗuwar darajar naira, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tsadar mai ba ta mayar da tarwaɗa kamar ɗan yatsa. Dalilin wannan yana cikin irin kayan da ake kamu da su, da kuma lokacin da ake kamun.

Rayuwar kifin fadama tana bin ruwa ne. Idan damina ta yi nisa kogin Haɗeja ya cika ya malala cikin ciyayi, sai kifaye su bazu su yi ƙwai. Tarwaɗa kan bi sabon ruwa cikin dare ta zuba ƙwanta a tsakanin ciyawa. Bargi kan share fili ya kewaye shi da ciyayi ya yi sheƙa. Karfasa kuwa, a wani jinsinta namiji ne ke tona ɗan rami a ƙasan ruwa, macen ta ɗauke ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe. Daga kaka ruwa ya fara janyewa, zuwa watannin Maris da Afrilu da Mayu ba abin da ya rage sai gurabe masu zurfi da tafkuna. Duk kifin da zai haifi na baɗi yana cunkushe a waɗannan gurabe, ba shi da wurin gudu. Shi ya sa bazara ta zama lokacin da kamu ya fi sauƙi, kuma lokacin da ɓarna ta fi saurin aukuwa.

Kayan aikin masunta suna da yawa, kuma kowanne da irin kifin da yake zaɓa. Akwai fatsa, wato sanda da zare da ƙugiya guda, da ɗan totuwar kara da ke nuna an taɓa koto. Akwai mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana. Akwai homa, wadda masunci ke riƙewa a hannu yana kwance bisa gora. Akwai birgi da ake wurgawa ya buɗe kamar laima, da dalma a bakinsa mai nutsar da shi. Akwai kalli da ake kafawa kifi ya maƙale ta wuya, da taru da jama'a ke ja zuwa gaɓa. Sai kuma gurar Mali, wadda sunanta ya nuna inda ta fito. Idan aka jera ta aka tare mashigar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, ita ake kira dumba. Masunta kan auna idon raga da yatsu: mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai uku, har sama. Wannan ɗan awo shi ne ke yanke hukuncin wane kifi zai mutu yau, wane kuma zai sulale ya kai damina.

Magabata sun san haka, shi ya sa suka sa wa ruwa doka. A ƙasar Hausa tafki ko gurbi yana da Sarkin Ruwa, kuma akwai wuraren da ba a taɓawa sai ranar da aka buɗe su, jama'a su shiga su yi su tare. Bikin Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan tsari ya tsaya. Ana hana kamu a Matan Fada tsawon shekara, a buɗe na ɗan lokaci, kuma da homa da gora kaɗai ake shiga. Manyan kifayen da ake ɗagowa a can sakamakon haƙurin watanni ne.

Abin da ya canza a fadamarmu kashi biyu ne. Na farko ya fi ƙarfin masunci. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, yanayin malalar ruwa ya sauya, filin da kifi ke hayayyafa ya ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe mashigai da dama. Na biyu kuwa aikin hannun ɗan Adam ne na yau da kullum. Da kamu ya ragu, sai aka koma raga mai ƙananan idanu domin a cika kwando. Da kifin ya ƙara ƙanƙancewa, sai aka ƙara matse idon. Har ta kai gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro wasu sun mai da shi taru, yana kwashe 'ya'yan kifi da ƙwai duka. Wasu kan zuba guba, ko magimfa ta gargajiya ko maganin ƙwari na feshin gona, su kashe duk mai rai a gurbin. Dumba kuma kan tare hanyar da kifi zai bi ya shiga fadama ko ya koma kogi. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, amma wanda aka zuba wa guba ko aka kewaye da gidan sauro ganinsa ba ya fisshe shi.

A nan yana da kyau mu leƙa wata ƙasa da ta mai da kamun kifin ruwan daɗi babbar harka. A Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas, mafarauci ne mai cin ƙananan kifaye da kwaɗi, kuma miliyoyin mutane ne ke nemansa da fatsa. Lokacin da suka fi ɗokinsa shi ne bayan wucewar hunturu, wanda ya zo daidai da bazararmu. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, namijin yakan matso gefe inda ba zurfi, ya share wuri, mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi. Kayan kamunsu sanda ce mai ɗan keken naɗe zare, da koton ƙarya: tanar roba, ko ɗan kifin katako, ko wani ɗan ƙarfe mai juyawa yana walƙiya. A farkon lokacin, ruwa na da sauran sanyi kuma kifi bai kuzari, sai su riƙa jan koton a hankali kusa da ƙasa. Idan ya hau sheƙa kuwa, duk abin da ya gifta sai ya kai masa cafka, don haka kamunsa ya zama abu mai sauƙi.

Wannan sauƙin ne ya sa suka yi wa kansu linzami. A jihohi da yawa akwai tsawon da kifi zai kai kafin a tafi da shi gida, sau da yawa inci 12 zuwa 14, da kuma iyakar adadin da mutum zai kama a yini. A jihar New York, in ban da wasu ruwaye kaɗan, wanda ya kama bas kafin tsakiyar watan Yuni dole ya mayar da shi ruwa da ransa. Tun 1950 kuma suna da dokar da ta sa haraji a kan kayan kamun kifi, ana mayar da kuɗin wajen kula da tafkuna da koguna. Tabbas halinmu da nasu ya bambanta: su nishaɗi suke nema, masuncin Haɗeja kuwa abincin gidansa yake nema, ba wanda zai ce masa ya saki abin da ya kama ya koma gida hannu rabbana. Amma tushen dokar tasu, wato a bar ƙarami ya girma, a kuma ƙyale iyaye lokacin haihuwa, shi ne dai abin da Sarkin Ruwa ke tsarewa tun kafin zuwan Turawa.

Mu ma muna da namu mafaraucin da ya ninka bas girma, wato giwan ruwa, ɗan asalin kogin Kwara da tafkin Chadi da kogin Nilu, wanda kan kusanci mita biyu a tsawo. Yana son ruwa mai zurfi, yana daɗewa kafin ya balaga, kuma manya-manyansa galibi mata ne masu ɗauke da ƙwai mai yawa. Kifi mai irin wannan hali shi ne farkon ɓacewa a inda raga ba ta barin komai ya wuce.

Doka kuma akwai ta a rubuce. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, kusan faɗin yatsu huɗu na babban mutum, in ban da wasu keɓaɓɓun kayan kamun ƙananan jinsuna. Matsalar ita ce ma'aikacin gwamnati ba zai iya gadin kowane gurbi cikin dare ba. Inda za a iya ganin abin da aka kama da rana tsaka shi ne kasuwa, kuma a nan ne mutanen ƙasar Lautai suke da ta cewa.

Kwalin 'ya'yan tarwaɗa da 'ya'yan karfasa ba ya barin bakin ruwa sai don an san akwai mai saye. Idan shugabannin 'yan kifi a kasuwannin Gumel da Maigatari suka zauna da takwarorinsu na Haɗeja suka amince da wani awo da kowa zai gane, aka kuma ware jinsunan da dama can ba sa girma, dillali zai fara tambaya kafin ya ɗora kaya a mota. Masarautun Gumel da Haɗeja maƙwabta ne, kuma maganar da ta fito daga fada tana isa inda takardar ofis ba ta isa. Mai cefane ma yana da nasa rabon: ya guji kifin da aka tara babba da ƙarami a rage masa kuɗi fiye da kima, domin irin wannan tarin yakan biyo bayan guba.

Akwai kuma abin da za mu iya a gida. Kududdufai da ramukan da masu aikin hanya suka bari suna riƙe ruwa watanni bayan damina. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ruwan da wasu kifaye ba sa jurewa, kuma idan ta samu abinci isasshe takan kusanci kilo guda cikin wata shida. Ƙananan hukumomin nan huɗu za su iya zaɓar ruwaye kaɗan su zuba 'ya'yan kifi da farkon cikarsu, a damƙa kulawa ga mai unguwa da ƙungiyar matasa, a hana raga, a yarda da fatsa kawai har ranar da za a buɗe. Fatsa tana da fa'idar da raga ba ta da ita: girman ƙugiya shi ke zaɓar girman kifi, kuma wanda bai kai ba ana iya zare shi a mayar. Dabarar ba ta da wuya. Idan zafi ya tsananta kifi kan sauka inda ya fi zurfi da sanyi, sai da asuba da almuru yake matsowa gefe. Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, don haka koto mai wari irin su tana ko hanjin kaza, a sauke shi ƙasa da 'yar dalma, shi ya fi jawo ta. Sai dai dole a haɗa da tsaro, domin waɗannan ramuka sun sha cin rayukan yara, kuma nan ne dabbobi ke shan ruwa, ko ɗigon guba bai kamata ya kusance su ba.

Ɗalibanmu masu karatun kimiyyar noma da na halittu suna da aikin da ke jiransu a bakin ƙofa. Wanda ya ɗauki tef da littafi ya riƙa auna tsawon kifin da ake kawowa Maigatari duk Alhamis na shekara guda, ya rubuta jinsinsa da inda ya fito, zai tara hujjar da hukuma da fada za su iya aiki da ita. Bazara na tafe, gurabe za su sake matsewa, kuma kafin a fara jan taru ya kamata shugabannin kasuwa da sarakunan ruwa su riga sun zauna a kan maganar idon raga.