Yadda A Ke Zaɓen Haruffa Masu Kauri

Duk wanda ya taɓa buga tafireta ya san haruffanta faɗinsu ɗaya ne. Gurbin da "i" ya ke ci, shi "m" ya ke ci, galibi haruffa 10 cikin inci guda. A littafi kuwa ba haka ba ne, kowane harafi a kan ba shi wuri gwargwadon jikinsa.

Tafireta ta kusa ɓacewa, amma irin haruffanta suna nan cikin kwamfuta. Wanda aka fi sani shi ne Courier, wanda Howard Kettler ya zana wa kamfanin IBM wajen 1955. Haka kuma in ka duba fasfo, layukan nan biyu na ƙasan shafin hoto, masu gurbi 44 kowanne, da OCR-B aka buga su, watau aikin Adrian Frutiger na 1968.

Amfanin irin waɗannan haruffa shi ne jeri. In malami ya jera makin yara ko lambobin jarrabawa, kowace lamba ta kan faɗa daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta, kuskure ba shi da wurin ɓuya. Amma Courier siriri ne. In za a haska rubutu a allo domin na bayan aji, ko a liƙa suna jikin kwalbar ɗakin kimiyya, sai a nemi mai kauri.

To, a nan ne a ke tuntuɓe. Kauri ya kan cinye farin da ke cikin harafi, gurbin kuwa ba ya ƙaruwa. Saboda haka kafin ka zaɓa, yi gwaji uku.

Na fari, buga "mamaki" da "wawa". In ƙafafun "m" uku sun haɗe sun zama baƙin dunƙule, bar shi.

Na biyu, jera sifiri da babban "O", sa'an nan 1 da ƙaramin "l" da babban "I". Mai kyau ya kan sa wa sifiri ɗigo ko zane a ciki. Kada ka raina wannan, gama lamba ɗaya da aka karanta ba daidai ba ta isa ta kai makin wani yaro ga wani.

Na uku, buga "ƙasa", "ɗaki" da "ɓera". Waɗansu haruffan ba a yi musu ƙugiya ba, sai kwamfuta ta aro daga wani iri, jeri ya karkace, ko ta sa ɗan akwati a gurbin.

In ya ci duka ukun, buga shi a takarda, ka liƙa a allo, ka koma kujerar ƙarshe ta aji ka karanta. Gani ya kori ji.