Gubar Ƙarfe a Jikin Kifi

Jama'a, kowa a cikinmu ya san kifi. Muna sayen banda a kasuwar Zuru, akwai kuma na ƙanƙara wanda ake kawowa daga teku. Yau za mu ga abin da gubar ƙarfe take yi wa kifi, da yadda abin yake komowa kanmu.

Akwai waɗansu ƙarafa masu nauyi, kamar dalma da zaiba. Masu haƙar zinariya sukan cuɗa zaiba da garin dutse domin ta kamo zinariya. In sun wanke, ragowar sai ta bi ruwa. Daga rafi sai gulbi, daga gulbi sai teku. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa kamar ganye.

To, mene ne yake faruwa in gubar ta shiga kifi?

Jikin kifi, kamar namu, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar littafi, wanda kifi ya gada daga iyayensa. Wani shafi na girma ne, wani na yin ƙwai, wani na tsaron jiki. Masana suna kiran shafukan nan ƙwayoyin gado. Jiki ba ya karanta su duka gaba ɗaya. Yakan buɗe wanda yake bukata, ya rufe saura, kamar yadda muke yi a aji.

Da gubar ta shiga, sai hantar kifi ta buɗe shafin tsaro, ta yi wani sinadari mai ɗaure ƙarfe. In gubar kaɗan ce, kifi ya jure. In ta yi yawa, sai karatun ya rikice. Kifi ba ya girma sosai, ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa da kyau. Masana sukan duba hantar kifi su ga shafin da yake buɗe. Ta haka suke gane ruwa ya ɓaci tun kifi bai fara mutuwa ba.

Ku lura da wannan. Zaiba takan zauna cikin tsokar kifi. Babban kifi ya ci ƙanana, gubarsu ta taru a jikinsa. Dafuwa ba ta fid da ita, banda ma haka.

An ga wannan a garin Minamata, a bakin teku a ƙasar Japan. Wata masana'anta ta riƙa zuba zaiba cikin teku. A 1956 aka gane cutar. Kyanwoyi suka haukace, masunta suka kasa tafiya da magana, aka haifi yara naƙasassu. Mutum fiye da 2,000 aka tabbatar sun kamu.

Kada mu ce Japan da nisa. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na Zamfara, dalma ta kashe yara wajen 400. Can ba ta kifi ta bi ba, ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa cikin gida. Amma ƙurar da ta zuba a ƙasa, ruwan sama yana iya kai ta rafi.

Ba cewa muka yi a bar cin kifi ba, domin abinci ne mai gina jiki. Ruwa za mu tsare. Kada a niƙa dutsen zinariya a gida. Kada a wanke shi inda ake sha ko ake su. Kada a jefa tsohon batir a rafi. In mun ga kifi yana mutuwa, mu gaya wa mai unguwa da malamin asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi ƙarafa biyu masu guba.
2. Don me babban kifi ya fi tara guba?
3. Me ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010?