Shafin da ke sauya kansa a wani shagon kwamfuta a Doka

Tsakanin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da titin Ahmadu Bello, a 'yan layukan nan masu sunayen garuruwa irin su Kano da Legas da Ibadan, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ji ƙarar janareta a ƙofar shagon buga takardu ba. Nan ne Doka, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, inda takarda ke ciyar da mutane da yawa. Shagon da nake magana a kai ɗaki ɗaya ne: injin fotokwafi a bakin ƙofa, firinta a kan wani tsohon kabad, kwamfutoci a jere sun ba bango baya, sai bencin masu jira. Ma'aikaci ya zo a ciro masa lambar biyan kuɗi ta Remita, ɗalibar KASU ta zo buga furojet, mai shirin bautar ƙasa ya zo duba inda aka tura shi. Da lokacin JAMB ya kama kuwa, ko wurin tsayuwa babu. Hukumar ba ta yarda irin waɗannan shaguna su yi rajista ba, sai cibiyoyin da ta tantance, amma buga takardar ranar jarrabawa da duba sakamako duk a nan ake yi.

Rigimar safe kusan kullum ɗaya ce. Yaron shago ya buɗe Chrome, maimakon Google sai ga wani baƙon shafi da akwatin bincike a tsakiya, tallan caca a gefe, da wani jan rubutu mai cewa kwamfutarka ta kamu, latsa nan.

"Kai, wa ya taɓa ta ukun nan?"

"Wallahi Oga, jiya da hannuna na mayar da ita Google."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ya shiga saiti, ya goge baƙon adireshin, ya rubuta na Google. Abin da bai sani ba shi ne ganye ya tsinke, saiwar tana ƙasa. Akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da ba ta da aiki sai jiran a kunna, ta mayar da adireshin ubangidanta.

Ba aljani ba ne, ba kuma ƙeta kawai ba ce. Kasuwa ce. Duk binciken da aka yi ta wannan shafi, duk tallan da aka latsa, akwai wanda ake lissafa wa kuɗi. A 2017 kamfanin tsaron intanet na Check Point ya fallasa wata manhaja mai suna Fireball, ya danganta ta da wani kamfanin talla na Beijing, ya ce ta shiga kwamfutoci miliyan 250. Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba, amma bai musa cewa tana nan ba. Kafin ita an sha fama da Babylon da Conduit, da Ask da ta daɗe tana biyo manhajar Java.

Ta ina irin wannan manhaja take shigowa shagon Doka? Mai shagon ya fi son ya ɗora laifin a kan samari masu sauke finafinai, kuma suna da nasu rabon. Amma ni ina ganin babbar ƙofar, shi ya buɗe ta da kansa. Office ɗin da ake buga takardu da shi na sata ne, CorelDraw ɗin da ake zana katin biki haka, har manhajar sauke fayil. Wanda ya fasa makullin waɗannan manhajoji ya saka su kyauta a intanet ba don Allah ya yi ba. Yana cusa kayansa a ciki, mai sakawa kuma yana ta latsa gaba, gaba, gaba, bai karanta abin da ya amince da shi ba. Sau da yawa ma sai an kashe antibairos kafin ta shiga, don takan hana. Smadav, antibairos ɗin da kowa ya dogara da ita, ta fi ƙwarewa a kan cutar filashi.

Maganin da aka fi sani a layin shi ne fomat: a share komai, a sake zuba Windows. Ana biya, ana rasa rabin yini, sannan a ɗauko filashin nan dai mai manhajojin sata a sake zubawa. Kafin mako ya zagayo baƙo ya dawo.

Akwai wani injiniya da ke zagayawa shagunan da jaka a kafaɗa, shi ba ya gaggawar fomat. Na ga aikinsa. Bai fara da burauza ba sam. Jerin manhajojin kwamfutar ya buɗe, ya jera su bisa ranar da aka saka, ya tambayi yaron yaushe abin ya fara. Nan ya ga wasu sunaye da babu wanda ya san su, duk sun shigo rana ɗaya, ya cire. Sannan ya shiga Chrome ya tuge 'yan maƙale-maƙalen da aka liƙa mata. Daga nan ya latsa dama a kan tambarin Chrome da ke fuskar kwamfuta, ya nuna wa yaron layin da ke faɗin inda manhajar take: a ƙarshensa an ƙara adireshin baƙon shafin, ta yadda ko saiti ya gyaru, tambarin da kansa zai kai ka can. Ya goge wutsiyar. Ya leƙa Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da take yi da kanta, ya tarar da umarnin da ke tashi duk lokacin da aka kunna. Wani lokaci, in ji shi, za ka ga Chrome ta rubuta cewa wata ma'aikata ce ke kula da ita, alhali shagon ba shi da uwar ma'aikata; to an dasa doka ke nan a rajistar Windows, sai an shiga an cire. Sai da ya gama duk wannan ya bi da AdwCleaner, manhajar share irin wannan tarkace, sannan ya mayar da saitin burauza yadda ya zo daga kamfani.

Saura ɗaya da ya fi ba shi haushi. Kwastoma ya shiga Gmail ɗinsa, Chrome ta tambaya ko a haɗa bayanansa, ya ce e. Duk tarkacen da ke kwamfutarsa ta gida ya sauko nan, na nan kuma ya bi shi gida, ga kalmomin sirrinsa ya bar wa mai zuwa.

Wani zai ce shafin farko ne kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Sai ka zauna a bencin ka ga masu zuwa. Dattijon da ya kawo 'yarsa duba sakamako bai san adireshin hukuma yana ƙarewa da gov.ng ba. Abin da allo ya nuna shi ne gaskiya a wurinsa. Yaron ya rubuta JAMB a baƙon akwatin, abin da ya fito a sama talla ne, wani lokaci na masu alƙawarin ƙara maki in an tura kuɗi. "Baba, ba wannan ba ne," in yaron ya lura ke nan. Ga shi wasu kwamfutocin har yanzu Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ya daina yi wa facin tsaro tun Janairun 2020, Chrome ma ta tsaya mata a farkon 2023.

Daga baya mai shagon ya yarda aka saka Deep Freeze, manhajar da ke mayar da kwamfuta yadda aka bar ta duk lokacin da aka kashe aka kunna. Shafin ya daina sauyawa. Sai dai ita ba ta bambanta datti da aikin kwastoma. Ana ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, babi biyu na furojet da aka ajiye a fuskar kwamfuta sun tafi. Yanzu an ware wani ɓangaren faifai da daskarewar ba ta taɓawa, an manna takarda a bango cewa a ajiye aiki a D, kuma yaron shago na tsaye a kan ɗalibai yana nanatawa: "Anti, a D za ki sa, ba a nan ba."