Taswirar Komadugu: abin da shuɗin layi ba ya faɗa

Duk wanda ya zauna a aji ya san taswirar Nijar da ke rataye a bango. Can gabas akwai siririn layi shuɗi, shi ne Komadugu, ya bi iyakarmu da Najeriya har ya faɗa Tafkin Cadi ta wajen Boso. A takarda dai kogin na nan kullum cike. Mu da muke bakinsa mun san ba haka ba ne.

Ruwan nan daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma madatsun Tiga da Chalawa na jihar Kano suna riƙe wani kaso nasa. Yakan iso mana da damina, ya kai maƙura bayan an gama ruwan sama, da bazara kuwa sai rairayi da ƴan kududdufai. Masu zanen taswira suna da alamar irin wannan kogi, wato layi mai tsinke-tsinke. Amma ko ita ba ta nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar 2019 ko ta 2022, lokacin da gidaje da gonakin tattasai suka nutse. Tafkin ma haka. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma tsoffin taswirori sun ajiye Ngigmi a bakin ruwa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi nesa.

To, a nan ne ɗalibanmu masu son zane, na sakandare da na Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, za su iya aron dabara daga ƴan fim. A fim ɗin Amurka na Indiana Jones na 1981, idan jarumin ya hau jirgi, sai a nuna taswira, jan layi na rarrafe daga gari zuwa gari. Ba wanda ya ce uffan, amma kowa ya gane an yi tafiya. Ruwan Komadugu ma tafiya yake yi. Me zai hana a zana ƙauye ɗaya sau uku, a watan Agusta, da Nuwamba, da Afrilu, a jera su?

Sai batun alamomi, kuma nan ne aikin yake. Taswirar ofis da Faransanci take magana, tsohuwar da ke Geskeru ko Shetimari kuwa Kanuri ko Hausa take ji. Amma a zana mata kwale-kwale a mashiga, jan tattasai a fadama, guga a rijiya, kan saniya a burtali, ba ta buƙatar tafinta. Alama ɗaya, ma'ana ɗaya. Kada a cika ado, don taswira ba zanen gado ba ce.

Ƴan uwa da ke Yamai, Legas ko Libiya, ku ma da naku. Akwai OpenStreetMap, taswirar intanet da aka fara a 2004, wadda kowa ke iya ƙara sunan ƙauyensu ko hanyar kasuwarsu a kanta.

Abu biyu dai: a nemi izinin maigari kafin a fara aune-aune, kuma a halin tsaron da muke ciki tun 2015, kada a kusanci wuraren sojoji, balle a zana su. Iyakar ambaliya kuwa, dattawa za a tambaya. Su za su nuna bishiyar da ruwa ya tsaya a gindinta.