Haɗa Jeri da Jeri: Yadda Ake Ƙirga Sigogin Aikatau Ba Tare da Tsallake Ko Ɗaya Ba

Ɗalibin da zai fita nazarin karin harshen Damagaram yana bukatar takardar tambayoyi wadda ba ta bar giɓi ba. Idan ya isa Mirya ko Magarya sannan ya gano ya manta wata siga, sai dai ya sake tafiya. Maganin wannan shi ne ya tsara jeri-jeri, ya haɗa su bisa ƙa'ida.

A ɗauki jeri uku. Na farko lamirai tara: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an. Na biyu lokuta bakwai: shuɗaɗɗe biyu, mai ci biyu, na gaba biyu, da sabau. Na uku giredin aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Kowace siga tana ɗaukar abu guda daga kowane jeri, don haka adadinsu 9 × 7 × 7, wato 441. In an ƙara jeri na huɗu, tabbatarwa da korewa, sun zama 882. In kuma za a tambaya a Zinder da Mirya da Magarya da Matamai, amsoshi 3,528 ke nan. Masana lissafi sun raɗa wa wannan haɗi sunan Descartes, masanin Faransa.

Wahalar ita ce yawan jerin ba ya tsayawa wuri guda: yau uku, gobe biyar. Dabarar da ke aiki ko nawa ne ita ce ta agogon kilomita na mota. Kowane jeri tamkar ƙafa ɗaya ce mai lambobi. Ana farawa da 1-1-1, a riƙa juya ta ƙarshe: 1-1-2, 1-1-3, har 1-1-7. Idan ta ƙare sai ta koma 1, ta tura maƙwabciyarta gaba: 1-2-1. Ana gamawa ne sa'ad da ta farko ta zagayo. Da haka babu sigar da za ta maimaitu, babu wadda za ta kuɓuce. Masu amfani da Python suna samun wannan a shirye cikin itertools.product.

Sai dai lissafi bai san Hausa ba. Tushen say- yana ba da saya, saye, sayar, sayo, sayu, amma ba ya shiga giredi na 3 irin na fita. Haka kuma "sun sayo" da "suka sayo" korewarsu ɗaya ce: "ba su sayo ba". Ke nan dole a tace abin da na'ura ta zubo.

Amma kada a yi gaggawar sharewa. Sigar da littafin nahawu ya hana, a sa mata alama, a tafi da ita Birni ko Zango a tambayi masu harshe. In dattijo ya karɓi abin da Hausar Kano ta ƙi, to nan ne binciken ya fara.