Bini-da-zugu ko gyaɗa: wanne ya dace da mai kiwo?

Jama'a, tsadar dizal ta sa masu kiwon tarwaɗa a nan Dukawuya suna tambayata: a shuka bini-da-zugu a tatsi man janareto? Man dai akwai, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar. Amma tunkuzarsa guba ce, kaza ko kifi suka ci, an tafka asara.

Ni gyaɗa na zaɓa. Tun 1900 aka tayar da injin dizal da man gyaɗa a baje kolin Paris. Sai dai yau man ya fi daraja a tukunya, don haka ka sayar ka sayi dizal, tunkuzar ka haɗa abincin kaji, muddin ba ta yi funfuna ba. Bini-da-zugu kuwa a bar shi shingen gona, awaki ba sa cin sa.