Siddhartha: Ɗan da ya bar gida, uban da ya kasa riƙe nasa

Makon da ya wuce wani dattijo ya tare ni bayan an tashi daga makaranta. "Malam, don Allah ka ja wa yaron nan kunne," in ji shi. Ɗansa na gab da gama ƙaramar sakandare, kuma yana da ƙoƙari, amma ya kafe a kan gyaran mota zai koya a Suame, nan Kumasi. Shi kuwa uban likita yake so yaron ya zama. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Da na koma gida sai na zaƙulo wani littafi da na karanta tun ina kwalejin horar da malamai, wato Siddhartha.

Wani Bajamushe ne ya rubuta shi, Hermann Hesse, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1946. Littafin ya fito a 1922, labarin kuma a Indiya ta dā ya faru, zamanin Buddha. Aƙidar da ke ciki ba tamu ba ce, ni halin ɗan Adam na je nema.

Siddhartha ɗan babban malamin Hindu ne, kowa na sonsa, amma zuciyarsa ba ta natsu ba. Ya nemi izinin barin gida, uban ya hana, sai ya kwana a tsaye har gari ya waye, dole uban ya sallame shi. Shi da abokinsa Govinda suka bi masu gudun duniya, shekara 3 suna horar da jiki da yunwa. Da suka haɗu da Buddha, Govinda ya zauna. Siddhartha ya yaba koyarwar amma ya wuce, don a ganinsa abin da mutum ya ɗanɗana da kansa ba ya miƙuwa ga wani da baki.

Daga nan ya shiga birni, ya yi kasuwanci da attajiri Kamaswami, ya so wata mace mai suna Kamala. Ya tara dukiya, ya faɗa giya da caca, har ya tsani kansa. A bakin kogi ya kusa halaka kansa, ƙarshe ya zauna da Vasudeva mai fito, suna haye da mutane.

Ina ɗalibi, nan labarin ya fi burge ni. Yanzu kuwa abin da ya biyo baya ne ya taɓa ni. Maciji ya sari Kamala ta mutu, ta bar masa ɗansu. Siddhartha ya so ya tsare yaron daga duk ramin da shi ya faɗa, amma yaron ya kwashe kuɗi, ya ɗauki jirgin fiton, ya gudu. Wata rana uban ya leƙa ruwa, ya ga fuskarsa ta koma irin ta mahaifinsa. A nan ya gane zafin da ya bar wa tsoho.

Sai dai akwai inda ban yarda da shi ba. Siddhartha bai taɓa komawa ya gai da mahaifinsa ba. Neman abin da rai ke so bai kai a yanke zumunci ba.

To, da dattijon ya dawo na ce, "Baba, tsoron da kuke ji gaskiya ne, amma in aka matsa masa zai iya zama a aji hankalinsa na gareji. A bar shi ya je wurin bakanike ran Asabar da lokacin hutu, ya ci gaba da karatu. Wata uku cikin baƙin mai zai nuna masa ko so ne ko sha'awa." Yaron kuma na ce masa duk inda zai je, ya tafi da albarkar Baba.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce zai yi shawara da uwar yaron. Har yanzu ina jiran amsarsa.